Likkafar da Ke Sakin Ƙafa

Ranar wata Asabar ce a ƙarshen damina, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, aka shigo da yayana Habu gida a bisa ƙyauren wani lambu. Ina tsugune a tsakar gidanmu na Fadaman Mada a Bauchi ina jiƙa wa doki dusa da kanwa, sai na ji hayaniya a zaure. Wasu manoma ne suka ɗauko shi, rigarsa ta zama tsumma, bayansa duk ya saɓule, ƙafarsa ta hagu ta karkace. Baba na biye da su riƙe da linzamin Kili, dokinmu, kansa ba hula. Ban taɓa ganin Baba a waje ba hula ba sai ran nan. Daga baya na ji yadda abin ya faru. Habu ya zo tsallake kwazazzabon da ke bayan gonakin shinkafa, doki ya turje, Habu ya faɗo, amma ƙafarsa ta zurma cikin likkafa, ƙarfen da mahayi ke takawa, har idon sawu ta maƙale. Kili ya firgita ya yi ta jan sa a ƙasa har sai da manoma suka sha gabansa.

Baba tsohon ɗan sandan doki ne. Da ya bar aiki bai fito da komai ba sai sirdi irin na Turawa da son tsallake da doki, wanda ya koya a wurin horo. Shi hawan ado bai dame shi ba. Abin da yake so shi ne ya ga doki ya ratsa gonaki a guje, ya haura shinge, ya ƙetare rafi, mahayi na bisa kamar an dasa shi. Habu kuwa ya gado shi sak. Tun yana ƙarami yake kwana da zancen doki ya tashi da shi. Ni rabona a harkar bai wuce wahala ba: yankan ciyawa kafin makaranta, kwashe kashi daga turke, ɗebo ruwa a rijiya, tsince kaska, da jera harawa a kan rumfa idan kaka ta yi. Ina jin ihun abokaina suna langa da ƙwallon tsumma a bayan katanga, ni ina fama da kwando. Ban tsani Kili ba, amma ban taɓa sha'awar hawansa ba.

Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, asibiti ma an je, amma ƙafar ta warke da ɗingishi. Habu ya daɗe kwance a ɗakin Inna, mahaifiyarmu, yana kallon rufi. Inna ta ce a sayar da dokin. Baba ya ce doki ba shi da laifi, yaron ma ba shi da laifi, likkafa ce. Ya ciro ta daga sirdin ya yi ta juyawa a hannu. 'Yar siririya ce ta baƙin ƙarfe, ta sha amfani har wurin takawa ya yi sulɓi, ga Habu kuma ran nan da takalmin kambas marar dunduniya ya hau. "Likkafa ta riƙe ka kana sama, ta sake ka kana ƙasa," abin da yake ta faɗa ke nan. Daga nan ya ɗaura aniyar nemo likkafar da za ta yi haka, kuma da yake Habu ba ya iya takawa, ƙafata ce ta zama ma'auni.

Haka na shiga yawon da ya cinye mini hutun ƙarshen mako har damina ta zagayo. Da hantsi Baba zai goya ni a kekensa mu nufi cikin gari. Mun fara da wani tsohon maƙeri a Ƙofar Ran, wanda ya fito mana da likkafu irin na gargajiya, masu faɗi kamar shebur. Ƙafa ba ta maƙalewa a cikinsu, amma da muka gwada, nauyinsu ya sa suna dukan haƙarƙarin doki duk lokacin da ya dira, har ya fara tsorata da tsallen. Muka mayar. Aka ƙera mana wasu marasa nauyi, su kuma idan ƙafa ta kuɓuce sai su yi ta reto, ka yi ta lalube ba ka same su ba, doki na gudu. Aka yi masu faɗin baki, ƙafata ta zurma gaba ɗaya. Aka rage, suka matse. Baba zai durƙusa a gaban maƙera, cikin hayaƙin gawayi, ya cusa ɗan yatsa tsakanin takalmina da ƙarfe, ya ce sai yatsa ya shiga ta kowane gefe, kada ya fi, kada ya gaza. Ya sa aka tsattsaga wurin takawa don kada ya yi santsi idan an ratsa ruwa. Ya kai takalmina na makaranta wurin baduku aka ƙara masa dunduniya, yara suka yi ta yi mini dariya a aji. Ni dai ina zaune a kan turmi, ƙafa a miƙe, yunwa na ci na, barci na fizgata.

Gwajin ya fi yawon wuya. Da la'asar sai mu tafi fadama, Baba ya rage tsawon maɗaurin likkafa har gwiwoyina su lanƙwashe, ya ce haka ake yi idan za a yi tsalle. Ya jera damin kara ya ce in haura. "Dunduniya ƙasa, ido gaba," yana faɗa yana tafa hannu. Wani lokaci kuma ya shimfiɗa buhunan ƙaiƙayi, ya riƙe linzami, ya ce in zamo da gangan don ya ga ko ƙafar za ta fita. Cinyoyina suka yi kanta. Na sha yin gyangyaɗi a aji har malam ya dungure mini kai. Sau da yawa na shirya abin da zan ce masa, cewa ni na gaji, ni ba Habu ba ne, amma da na dubi fuskarsa sai maganar ta koma. Ya rame, furfura ta cika masa gemu, kuma tun ranar da abin ya faru ban ga ya haɗa ido da Habu ba. Zai tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ya jiki?" yana kallon ƙasa, ya wuce.

Inna ta gaji da magana. Abinci kawai take turo wa Baba. Habu kuma da ya fara takawa da sanda sai ya riƙa zama a gindin dalbejiyar da ke kusa da turke. Idan Baba ya fita, ya lallaɓa ya je ya shafa wuyan Kili, ya daɗe a wurin. Duk likkafar da muka kawo sai ya karɓa a ɓoye ya duba, ya tambaye ni yadda na ji ta a ƙafa. A nan na gane cewa gidanmu ya juye: wanda ke son hawa an hana shi ko taɓa sirdi, wanda ba ya so an ɗora shi.

Wata rana ina gyara danƙon da nake harbin tsuntsaye da shi, Habu ya karɓa ya yi ta jan robar yana saki. Can ya ce, me zai hana a yanke ƙarfen gefen waje na likkafa, a sa roba a madadinsa? In mutum ya faɗi, ƙafa ta bangaji robar ta fice. Na ce ya gaya wa Baba. Ya ce ni in gaya masa. Na ce ba zan iya ba. Da magariba ta gabato, Baba na alwala, Habu ya dogara sandarsa ya je ya tsaya a kansa ya faɗa masa da bakinsa. Baba bai ɗago ba, ya dai bar zuba ruwan. Washegari ya ce da ni in zauna a gida, ya goya Habu a keke suka tafi Gwallaga wurin wani mai walda, Bitrus, wanda ke yin ƙofofi da tagogi. Habu ya ba ni labari cewa Bitrus ya yi ta dariya, ya ce shi bai taɓa yi wa doki aiki ba, amma ya yanke gefen, ya lanƙwasa 'yar ƙugiya sama da ƙasa, suka ɗaura robar cikin tayar keke mai kauri.

Ranar gwaji duk muka fita, har Habu, yana tafe a hankali a bayanmu. An yi ruwa da safe, ƙasa ta yi laushi, shinkafa ta kai gwiwa. Baba bai jera kara ba, kai tsaye ya nuna mini kwazazzabon nan. Na zaburi Kili, muka taho a guje, yana isa baki sai ya kafe ƙafafunsa kamar yadda ya yi wa Habu. Na ji na tashi sama, na ji wani abu ya yi tas a gefen ƙafata, sai ga ni kwance cikin taɓo, doki ya yi gaba shi kaɗai. Na miƙe na duba jikina, ko ƙwarzane babu. Na juya wurin Baba ina jiran ya yi murna, abin da ya yi ta nema ya samu. Sai na ga ya zauna daɓas a kan kunyar gona, cikin laka, da fararen kayansa. Ya tsinci guntun robar yana kallo. Ya ce, "Ashe wannan ne kawai."

Habu ne ya je ya kamo dokin. Ya jefar da sandarsa, ya ciro wata robar daga aljihu ya ɗaura, ya zagaya ta dama saboda ƙafar hagun ba ta ɗaukar nauyinsa, ya yunƙura ya hau. Na dubi Baba, na ɗauka zai daka masa tsawa. Ya ɗago ya kalle shi sosai, ido cikin ido, sannan ya tashi ya je ya gyara masa tsawon maɗaurin. Habu bai tsallake komai ba ran nan, a hankali ya tako dokin har gida, mu muna biye a ƙasa. Inna na ganinsa ta saki tsintsiya ta shige ɗaki. Ni kuwa daga ranar ba wanda ya sake cewa in hau, ciyawa da kwando dai suka ci gaba da zama nawa har tsufa ya kashe Kili.

Yanzu idan na je Bauchi gaishe da Habu, nakan rasa inda fadamar take. Gidaje sun cinye gonakin shinkafa, kwazazzabon ya zama kwalbati, keke da babura na wucewa ta kai ba wanda ya san an taɓa faɗuwa a wurin. Baba da Inna sun riga mu gidan gaskiya. Habu ya zama tela, yana taka keken ɗinki da ƙafarsa mai lafiya, 'ya'yansa ba su san warin barga ba. Mukan zauna a ƙofar shagonsa bayan la'asar, ba ma yawan magana, kowa da gajiyarsa ta girma. A da ina ganin an ƙwace mini ƙuruciya a waɗancan watanni. Yau da za a ce in sake zama a bayan keken Baba, ina riƙe da rigarsa, da ban ce na gaji ba.