Yadda Na Sa Inna Ta Rasa Ɗaki a Jirgin Ƙaura

A lokacin da Ƙaura take ƙarƙashin Jihar Sakkwato, ni mai awon gyaɗa ne a kasuwar Shinkafi, mutum mai tsari wanda ba ya son a maimaita masa magana. Iyakar karatuna firamare, amma a gidanmu na Badarawa ni ne ɗan boko, abin da na faɗa ya zauna.

Yanar ido ta rufe wa Inna, mahaifiyata, gani, likita ya ba mu ranar aiki a Zariya. Saboda ciwon gwiwarta na ƙudura ba za ta zauna kan benci ba, sai ɗakin kwanciya na jirgin ƙasa. Saura mako guda na je tashar Ƙaura. Akawu ya ce ɗakuna sun cika, amma ya rubuta sunanta cikin masu jira, ita ce ta uku, in dawo ana gobe tafiya in ji ko wasu sun fasa. Ga inda na yi kuskure. Akawun nan yana bayana a makaranta, sai na ji nauyin in ce masa ban gane ba. A wurina, in suna ya shiga littafi magana ta ƙare. Na koma gida na shaida wa kowa Inna ta sami ɗaki, ban kuma leƙa tashar ba.

Ranar tafiya akawun ya buɗe mini littafin. Mutum uku sun fasa, wuri ya kai ga Inna, an kira sunanta jiya babu mai amsawa, aka ba na huɗu. Jirgi na gaba kuwa sai bayan ranar likita. Inna ba ta faɗin sunana, don ni ne ɗan fari. Sai ta laluɓo hannun ƙanwata ta ce a gaya wa wancan malamin ido take nema, ba gado ba.

Muka shiga taragon gama-gari. Mata 'yan kasuwa suka matsa mata, wata Bafulatana ta ɗora mata ƙafafu kan ƙunshinta, ni kuwa a tsaye har Funtuwa. Ina jin ta tana gaya musu ɗanta ya so kulle ta a ɗaki ita kaɗai kamar buhun gyaɗa, Allah ya cece ta, suna ta dariya. Da muka isa Zariya gwiwoyin sun kumbura, ta kasa miƙewa. Na goya ta har bakin mota, tana cewa in bi a hankali, ita ba ta taɓa kayar da ni ba. An yi aikin a ranarsa, ta gani, amma sai da ta yi wata biyu ba ta taka ƙasa ba. Har ta rasu ba ta gaya wa kowa dalili ba.

Masu karatu, jerin jira daban, samun wuri daban. Da farko ku tambayi matsayin sunanku, sannan ku tambayi ranar komawa, ku kuma koma da ƙafarku. Kada ku ji kunyar tambayar na ƙasa da ku. Ni na ji, gwiwoyin uwata suka ɗauki nauyin.