Ranar da Iyaye Biyu Suka Kai Ni Ƙara

Har gobe ba na manta ranar da dogari ya fitar da ni daga aji a Jibiya. Zamanin Turawa ne, farkon buɗe elementare, lokacin da hakimi ke shan wuya kafin uba ya yarda ya ba da ɗansa. Malamin da yaro ya gudu a hannunsa kuwa, aikinsa ya tafi.

Ajina rabi 'ya'yan manoma ne, rabi na makiyaya. Da an ambaci shanu da gona sai ihu, har da jifa da allo. Da na gaji, sai na kafa doka: ba mai kare gidansu, kowa ya tsaya wa abokin gardamarsa, kuma ya kawo hujja. Na sa Jaɓɓi ɗan Arɗo Buba ya zama manomi, Sale ɗan Tanko na Gangara ya zama makiyayi. Abin ya yi kyau har na fara jin kaina.

Ashe yaran sun kai darasin gida. Shanun Arɗo suka shiga geron Tanko, iyaye suka fara cacar baki. Jaɓɓi ya ce wa ubansa ai manomi wata huɗu ya yi yana duƙe. Sale kuma ya tambayi nasa wa ya nome burtalin shanu.

Iyayen biyu suka kai ni ƙara, dogari ya tasa ni zuwa gaban hakimi. Arɗo ya ce, "Ranka ya daɗe, makiyayi na ba shi, ya maido mini manomi. Gobe zan tsallaka iyaka, in shiga ƙasar Faransi da ɗana."

Tanko ya ce, "Gaskiya tai! Wanga malami ya lalata muna ɗiya."

Hakimi ya dube su ya ce, "Tun da nake, yau na fara jin bakinku ya zo ɗaya. To, ɓarnar geron fa?"

Sai Tanko ya ce da ma ya ɗan ci burtalin. Arɗo ya ce shi ma yaransa sun yi sake. Suka fita tare, suna ta zagina har bakin kasuwa.

Da safe ga Jaɓɓi a aji. Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Ku da kuka shigo aikin koyarwa yanzu, ku sani duk yaron da kuka koya wa tambaya, a kan ubansa zai fara gwadawa. Ku tanadi amsar da za ku ba uban.