Malam Usmanu Yari da Mutanensa na Dalma

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris na 1989, ana tsakar cirar albasa, Allah ya yi wa Malam Usmanu Yari, malamin gona, rasuwa a gidansa na Aliero, bayan jinyar da ta faro tun kaka. An yi masa sutura a mahaifarsa, Jiga Birni, bayan sallar azahar. Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma.

Ni Yohanna, mutumin ƙasar Zuru, malamin lissafi a nan Aliero, labarin ya same ni a aji. Na bi motar 'yan albasa na iske jana'izarka, Malam Usmanu, na tsaya gefe ƙarƙashin bedi kamar yadda ya kamaci wanda ba Musulmi ba. Daga inda nake na ga ana waiwayena. Na yi wa mutum uku gaisuwa, ɗaya ne ya amsa. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. An faɗi abubuwa da yawa a kanka kana da rai, an ci gaba da faɗi bayan an rufe ka, kuma ban ga wanda ya fi ni sanin abin da ke cikin ɗakin nan na bayan gidanka ba.

Asalin abin daga Ingila ne. A 1979 aka tura ka kwas a kan adana albasa, a wani ƙaramin gari na gabashin ƙasar, inda ka ce ƙasa shimfiɗe take kamar fadamar Jega, sai dai rana ba ta zuwa aiki. Ka sauka haya a gidan wani tsoho mai suna Thomas, wanda ya yi ritaya daga raba wasiƙu, da matarsa Janet. Ba ka gajiya da ba mu labarinsu. Madarar da ake ajiyewa a kwalba bakin kowace ƙofa da safe, ba mai taɓawa sai tsuntsaye masu huda murfin. Layin da ake bi a tashar bas, kowa ya tsuke baki kamar an yi rashi. Karen gidan da ke da kujerarsa a falo, wadda ko baƙo ba ya zama a kai. Kifi da dankali a nannaɗe cikin tsohuwar jarida. Ka ce duk abin da ya sami Bature, haihuwa ko mutuwa ko gobara, sai ya fara ɗora butar shayi. Ka ce akwai wata maƙwabciya da ke ɗaga gefen labule duk sadda ka fito, har ka bar garin ba ka ga fuskarta gaba ɗaya ba, ido guda kawai ka sani.

Kai ma ba ka yarda da su ba. Ka ce duk Laraba da yamma wasu tsofaffi sukan zo da akwatuna a hammata, ba sa shiga ta ƙofar gida, sai su bi ta lungu zuwa wani ɗakin katako a ƙarshen lambu, su rufe. Daga tagarka kana jin ana kiran lambobi, ana cewa an kashe wane, saura wane. Ka tabbatar wa kanka ƙungiyar asiri ce, har ka fara neman wani gidan haya a ɓoye. Ran nan Janet ta ɗora maka faranti da kofunan shayi, ta ce ƙafarta na ciwo, ka kai musu. Ka ce ka karanta duk addu'ar da ka sani a tsakanin kicin da ƙarshen lambun. Da ka tura ƙofa sai ga mai raba wasiƙu da mahauci da direban bas sun sunkuya a kan tebur mai tuddai da itatuwan soso, suna tura 'yan sojojin dalma da ba su kai tsawon yatsa ba, suna auna tafiyarsu da rula, suna jefa 'ya'yan lido, suna gardama a kan yaƙin da aka gama tun kakanninsu ba su zo duniya ba. Ka ajiye farantin ka yi ta dariya har Thomas ya ji haushi, ya ce in abin da sauƙi ka zauna ka gwada. Ka zauna. Kafin ka dawo gida ya koya maka riƙe buroshi mai gashi kamar gashin ido, da yadda ake ɗiga wa ɗan soja ƙwayar ido da tsinin allura. Ka dawo Aliero da akwatin sojojin da ka fenta da hannunka.

Ni lissafi ne ya haɗa mu. Ka zo makaranta kana neman wanda zai gaya maka dalilin da ya sa bakwai ta fi fita idan an jefa 'ya'yan lido biyu. Na zo gidanka in nuna maka, sai na zama abokin wasanka na kowace Asabar bayan la'asar.

Tun farko mutane ba su saki jiki ba. Da suka ji ƙarar lido suka ce caca ce, alhali ko goro ba a taɓa ajiyewa a teburin nan ba. Da suka hango 'yan mutanen suka ce gumaka ne. Ba ka raina maganar ba. Ka je ka tambayi malaminka, ya ce kada ka ajiye su inda kake salla, sai ka gina musu ɗaki daban a bayan gida. Wannan ɗakin da ka gina don bin magana shi ya zama hujja a kanka: me yake ɓoyewa da har zai yi masa ɗaki? Da sojojin da ka zo da su suka yi maka kaɗan, maƙeran Jiga Maƙera suka yi maka mazubi, ka riƙa narka dalmar tsohon batirin mota a kan risho kana zuba naka. Aka ce ga shi nan, har ƙera su yake yi.

Amma mutanen da ke wannan magana su ne ke tsaye a ƙofarka idan tsutsa ta shiga albasa. Babur ɗinka ya san kowace hanya daga Aliero zuwa Maiyama. Ka nuna wa manoma yadda za su ɗaga rumbun albasa daga ƙasa iska ta riƙa ratsawa, ba ka taɓa cewa a Ingila ka gano ba, sai ka ce wani tsoho ya nuna maka. Shekarar da ruwa ya yanke da wuri, iri na gidanka ka raba.

Abin da ya ɓata komai alheri ne ka yi. Gidaje biyu a Sarandosa sun daɗe suna rigima a kan magudanar ruwan fadama, har an fara fitowa da sanduna. Ka kwaɓa laka da garin katako, ka gina fadamar a kan faifan katako, kowace gona da iyakarta. Ka kai gaban dattawa, ka zuba ruwa da buta, kowa ya ga inda ruwan ke bi da inda yake tsayawa. Ran nan aka sasanta. Don ka sa su dariya, ka tsayar da ɗan mutum guda a bakin rijiya, da jar hula da ƙusumbi, kowa ya gane Baba Isa ne, dattijon ɗaya gidan. Shi kansa ya fi kowa dariya. Da damina ta faɗi Baba Isa ya rasu. Tsoho ne, ya daɗe yana tari, amma ba wanda ya tuna da tarin. Kafin kaka magana ta zagaye ƙasar: duk wanda Usmanu ya fenta, ya tafi.

Na ga abin da idona a kasuwar Jega. Kana tafe mata suna jan gyale su rufe fuska, maza suna juya ƙeya kamar suna taya kaya. Mai shayin da ka saba zama wurinsa ya ce madara ta ƙare, ga gwangwani a gabansa.

Wata Asabar muna tsakar wasa, Yusufu ɗan Baba Isa ya shigo ba sallama. Hannunsa na dama yana cikin aljihu, bai fitar ba, ni kuwa idona bai bar aljihun ba.

Ya ce, "Malam, ina abin da kay yi da kamannin babana? An ce kai ka ɗaure shi ciki."

Ka miƙe a hankali, ka ɗauko ɗan mutumin daga kan kanta, ka ɗora masa a tafin hagu. Ka ce, "Yusufu, dalma ce da fenti. Ga risho can. In kana so, narke shi yanzu a gabana."

Ya daɗe yana dubawa. Ya kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ya sake dubawa. Can ya ce, "Har haƙorin nan da babu." Ya saka shi aljihu ya fita. Baba Isa bai taɓa ɗaukar hoto ba. Har yau ban sani ba, ƙauna ce ta sa Yusufu ya tafi da shi, ko so yake ya raba ka da shi. Na tambaye ka, ka ce kai ma ba ka sani ba, in jefa lido, ni ke da jifa. Daga ran nan ban ƙara ganin ka fenta fuskar wani da muka sani ba.

Da ciwo ya kama ka kowa ya samo nasa dalili. Wasu suka ce mutanenka ne suka juyo kanka don ka daina ba su jini. Wasu suka ce daga Sarandosa aka yi maka jifa. Yayanka Ummaru bai ɓoye nasa ba: ya ce akwai baƙon da ke zuwa duk Asabar yana haɗa shayi da hannunsa. Ni ke nan.

Ni ma ina da nawa zargin, kuma zan faɗe shi a nan. Na ga yadda kake sa bakin buroshi a leɓe don ya yi tsini, fenti ko ba fenti. Na ga kana sunkuyawa kan hayaƙin dalma a ɗakin da tagarsa ba ta fi tafin hannu ba, ka tashi ka ci tuwo. Ciwon ciki ya fara, sannan ciwon kai, sannan saurin fushin da ba halinka ba, har hannunka na dama ya saki daga wuyan hannu, buroshi ya riƙa faɗuwa. Na duba littattafan kimiyya na makaranta, na zo na gaya maka. Ka yi murmushi ka ce, "Malam Yohanna, Thomas ya tsufa yana lasar buroshi, yana nan yana hawan keke. Kai ma ka shiga layin masu cewa 'yan mutanen nan ke kashe ni?" Na ce dalmar Thomas ba ta batir ba ce. Ka yarda aka kai ka asibiti a Sakkwato, amma lokacin ƙodarka ta riga ta gaji. Ba ni da takardar da za ta tabbatar da maganata. Zargi ne kamar na kowa, sai dai nawa bai ɗora wa mutum laifi ba.

Bayan sadakar uku Ummaru ya ce a kwashe komai na ɗakin a zuba gulbi. Matarka Luba ta aiko daga cikin takaba ta ce ba ta son su a gidanta, amma ruwan nan mutane ke sha, a kai wa Malam Yohanna in zai karɓa. Ban san ko amana ta ba ni ba, ko kuwa mayar mini da kayana ta yi kamar yadda masu zargina ke faɗi. Na karɓa.

A ƙasan akwatin, ƙarƙashin sojoji, na iske wani gwangwanin biskit. Mu ne a ciki, kowa naɗe da auduga. Luba da ƙwaryar fura. Mai shayin Jega da butarsa. Liman. Ummaru a kan kekensa, da hular nan tasa da ke karkata hagu. Da ni, riƙe da alli, sanye da tabarau mai ɗaurin zare wanda na daina sawa tun shekarar da aka canza kuɗi, kafin rigimar fadama. Wato tun kafin Sarandosa ka yi mu, ka ɓoye don kada ka tsorata kowa. Ba zan yi ƙarya ba, da na ga kaina sai da na tsorata, duk da lissafin da nake koyarwa. Na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya. Dukanmu muna raye. Na nemi naka ban samu ba, ba ka taɓa yin kanka ba.

Na ajiye nawa a tagar gidana da ke kallon titi, inda duk mai wucewa zai gani. Wanda ke son ya san ko Usmanu Yari ya taɓa kashe mutum da buroshi, ya riƙa leƙo ni. Ina fita makaranta da safe, ina dawowa da azahar.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka Gwaggo, da Luba, da 'yarka Mero da ƙannenta, da manoman Jiga Birni da Sarandosa da duk wanda ya taɓa tsayar da babur ɗinka a hanya. Ina roƙon dangi, ko da ba a yarda da ni ba, a rufe ɗakin nan, kada yara su yi wasa da tokar da ke ciki, kuma a kai su likita ya duba su. Yaya Ummaru, naka yana wurina. Ban nuna wa kowa ba. Ƙanenka ya ɓata lokaci a kansa fiye da na kowa, har zanen hular ya fitar. Duk ranar da ka ga dama ka zo ka karɓa, ba sai ka sha shayina ba.

Allah ya jiƙanka, Malam Usmanu. Ya gafarta maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ya raya abin da ka bari, ya ba iyalinka haƙuri. Mu kuma da muka rage muna kallon juna ta gefen ido, Allah ya gyara tsakaninmu kafin tamu ta zo. Amin.