Layin da Nas Eneless Ta Ja a Ƙafar Nankhoma

Ranar da aka yi wa Nas Eneless Kachingwe ihun ɓarauniya ina wurin, kuma ban cece ta ba, don dariya ta hana ni miƙewa. Ta je duba wani magidanci mai hawan jini, ta zarce ɗakin girki ba neman izini, ta ɗaga murfin tukunya, ta tsoma yatsa a miyar wake ta kai baki. Uwar mutumin, tsohuwa ce da ido ya yi wa hazo, ta hango mutum tsugune a kan tukunyarta, sai ta rarumo muciya tana kururuwa. Nas ta zabura, rigarta ta kamo kunnen tukunya, wake ya wanke ta daga ƙirji har takalmi. Haka ta ratsa kasuwarmu ta Kamphulusa tana tura keke, ƙudaje na yi mata rakiya. Abin da kawai ta ce wa tsohuwar shi ne, "Agogo," wato kaka a yarenmu, "gishirin nan zai kashe ɗanki kafin Kirsimeti."

Ni ce Alineti, mai soya fanke a ƙofar ƙaramin asibitinmu. Dangar kara ce ta raba gidana da nata yau shekara goma sha huɗu. Aji uku na yi a makaranta aka gaji da ni, amma abin da ido ya gani ba ya neman satifiket.

Da ta zo garin nan ungozoma ce kawai. Rabin yaran da ke jifar mangwarona ita ta yanke musu cibiya. Sai ta lura matan da ta karɓi haihuwarsu suna dawo mata bayan shekaru, wannan ƙafa a kumbure, waccan ɓarin jiki ya shanye, wata tana shan ruwa kamar saniya tana ramewa. Ana miƙa musu ƙwaya ta taga, su tafi, a ji mutuwarsu. Yayarta ma haka ciwon sukari ya ɗauke ta a can garinsu, ita tana nan tana karɓar haihuwar 'yan biyu. Ba ta taɓa yi mini zancen ba, a bakin mai sharar asibiti na ji. Bayan nan ta koma karatu shekara biyu, ta dawo ta ware ranar Alhamis don masu ciwon da ba ya warkewa, sai dai a zauna da shi. Ba ta tsaya a taga ba. Sai ta san abin da kake ci, da wanda kake faɗa da shi a gida, da ko kana barci. Ta koya wa masu allurar sukari su ajiye kwalbar a tukunyar ƙasa cikin jiƙaƙƙen yashi, tunda ba mu da firji. Ni kaina ta hana mutum tara sayen fankena, kuma har gobe ban yafe ba.

A cikin mutanen Alhamis babu wadda ta ci mata rai kamar Nankhoma, mai 'ya'ya huɗu, gidanta na bakin hanya. Ga sukari, ga hawan jini, ga ƙwayar nan ta masu ƙanjamau da ake sha kullum har ƙarshen rai. Shekara shida Nas tana riƙe da ita. Tafin ƙafarta ya mutu, ba ta jin ƙaya, don haka Nas ta sa aka ɗinka mata takalmin taya mai laushi. Lokacin girbin masara takalmin ya tsinke, ta shiga gona haka, kututturen kara ya huda ta. Ta ɓoye kwana tara don kunyar faɗan Nas.

Ranar wata Talata da safe Nas ta leƙo ta danga. "Alineti, bar man nan, ɗauko tafasasshen ruwa ki biyo ni."

"Mayi," na ce, wato uwa, yadda muke kiran babbar mace, "yau kuma tukunyar wa za mu ɗanɗana?"

Ba ta yi dariya ba. Nan na san akwai magana.

Tun daga ƙofa warin ya tare mu. Yatsu biyu na ƙafar hagu sun yi baƙi kamar gawayi, ja ya hau har saman idon sawu, jikin matar zafi rau. Nas ta wanke, ta yi mata allurar da take da ita, sannan ta zaro biro ta ja layi a fatar, daidai inda jan ya tsaya. Ta duba agogon da ke maƙale a ƙirjinta, ƙarfe bakwai da rabi.

Ta ce, "Nankhoma, yau za ki babban asibiti. Idan yau ne, yatsu biyu za a cire. Idan jibi ne, ƙafa ce. Bayan jibi ban san me zan ce miki ba."

An yi sa'a motar asibiti na zuwa ranar, don ɗaukar wata yarinya mai naƙuda da aka taɓa yi wa aiki a haihuwar fari. Man motar na tafiya ɗaya ne, kuma ba wanda ya san ranar da za ta sake zuwa. Nas ta riga ta duba yarinyar, ta ce za ta iya jira zuwa ƙarfe sha ɗaya, ko minti ɗaya ba za a ƙara ba.

Nankhoma ta juya fuska bango. "Sai abin da yayana ya ce."

"Jikinki ne. Ke za ki sa hannu a takarda."

"Idan na tafi ba da yawunsa ba, na mutu a can, wa zai ɗauko gawata? Wa zai riƙe mini yaran nan?"

Nas ta juya wajen mijin, Dikisoni, da ke raɓe a bakin ƙofa yana murza hula. Ya ce, "Mayi, ni aure ya kawo ni garin nan. Gidan nata ne, yaran na danginta ne. Ko akuya ban isa in sayar ba sai da bakin malume."

Malume ɗin nan, kawun yaran ke nan, Filimoni, yayan Nankhoma. Ni aka aika. Na same shi a rumfar shanya taba, na faɗa masa, ya ci gaba da ɗaure ganye har ya gama layi. Sannan ya wanke hannu. Sannan ya nemi hula. A hanya ya tsaya gaisawa da duk wanda ya gani har da tambayar lafiyar kaji.

Na ce, "Malume, in goya ka ne? Na ga ƙafar taka ce ta fi ta ƙanwarka ciwo."

"Ke dai bakinki ne zai kashe ki, Alineti."

"To ni bakina, ita fa?"

Muka iso goma da rabi ta wuce. Motar na tsaye a bakin hanya, yarinyar na ciki tana nishi, direba na zagaye yana duban rana. Maƙwabta sun cika tsakar gida. Nas ta sa an fito da Nankhoma a tabarma ƙarƙashin inuwa, tunda yaya ba ya shiga ɗakin kwanan ƙanwarsa.

Filimoni bai ko zauna ba. "Ba inda za ta. Na aika a karɓo maganin gargajiya a bayan dutse, Lahadi kuma 'yan coci za su zo addu'a."

Nas ta ce, "Bambo Filimoni," wato Malam Filimoni, "ba za ta kai Lahadi da ƙafar nan ba."

"Uwarmu ma haka aka ce. Aka kai ta, aka yanke ƙafa, aka dawo mana da gawa. Ni na ɗauki akwatin ta wajen ƙafafu, Mayi. Na ji yadda gefe ɗaya ba nauyi. Ba zan sake binne rabin mutum ba."

Nas ta matso gabansa.

Nas ta ce a hankali, "Na tuna uwarku. Ni na sa ta a mota. Jan ya wuce gwiwa ranar. Sati biyu ina zarya gidanku, kawunku yana cewa a jira. Kai kana tsaye a bayansa, kana roƙonsa da ido. Ko na yi ƙarya?"

Direba ya danna ham.

Nas ta durƙusa ta yaye zanin daga ƙafar. Mata suka toshe hanci. Ta nuna layin safe. Jan ya tsallake shi da faɗin yatsu biyu. Ta ja sabon layi a sama, ta miƙe, ta kama hannun Filimoni ta danƙa masa biron.

"Na farko bakwai da rabi na ja shi. Ga na yanzu. Kai ne mai magana a gidan nan, ban musa ba. Ja naka layin. Nuna mini inda kake so ya kai kafin ka yarda, a gwiwa ne ko a cinya, ni kuma in jira."

Yarinyar cikin mota ta ƙwalla ƙara, irin wadda duk macen da ta haihu ta san ta. Nas ta duba agogo.

"Sha ɗaya saura biyar. Waccan rai biyu ce, ba zan kashe su a kan gardamarka ba." Ta sunkuya ta shafa goshin Nankhoma, ta ɗauki jakarta ta nufi mota. Ba ta waiwaya ba.

Aka rufe ƙofa. Injin ya tashi. Filimoni na tsaye da biro, yana kallon layi biyun nan. Nankhoma ba ta roƙe shi ba, ta dai ce, "Achimwene," wato yayana, "ƙaramin bai fara makaranta ba."

Motar ta fara motsi. Sai ya jefar da biron ya daka tsawa. "Dikisoni! Kama can, kai da ba ka da amfani sai cin tuwo!" Suka sunkuci tabarmar da matar a ciki. Ni kuwa na tattare zani na faɗa tsakiyar hanya na ware hannuwa. Direba ya taka birki ya zage ni tas, na rama masa da ƙari.

Kwana goma sha tara ba mu san matsayinmu ba. Ran nan a ce zazzaɓi ya sauka, gobe a ce ya dawo, likitoci na shawarar ko a ƙara yanka. Yarinyar dai ta samu ɗa namiji tun ranar. Nas ta ci gaba da aikinta, amma ta danga nake ganin tuwonta na komawa kwano ba a taɓa ba. Filimoni ya daina gaishe ta. Ya faɗa a kasuwa cewa idan gawa ta dawo, a ƙofar gidan Nas za a sauke ta.

Ranar wata Alhamis motar haya ta tsaya, Nankhoma ta sauko da sanda, tana taka ƙafafunta biyu. Mutanen Alhamis da ke kan benci suka ɗau guɗa. Filimoni ya iso, ya tsaya ya daɗe yana kallon bandejin. Na ɗauka godiya zai yi. Sai ya gyara hula ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Mayi Kachingwe, da yatsu goma na ba ki ƙanwata. Ina biyun?"

Nas na ɗaura wa wani tsoho abin awon jini, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Takwas na dawo maka da su, har da mai su a manne tana numfashi. Da na bi ta taka, goma cif za ka samu, a cikin akwati."