Igiyar Da Ke Tsakaninmu

Ko mantuwar tsufa ta kama ni, ranar nan ta bakin iyakar Jibiya ba za ta bar kaina ba.

Lokacin ina ma'aikacin madatsar ruwa, an kuma rufe iyaka. Damina ta yi ƙarfi, madatsa ta cika maƙil, dole mu buɗe ƙofofinta. Ruwanmu kuwa Nijar yake gangarawa, inda manoma suka kafa bukkoki a bakin gulbi. Na kira abokin aikina na can, wani dogon injiniya da muke ce wa Mushe. Ya ce, "Malam, ni na yarda da kai. Amma mutanenmu ba su tashi da maganar waya. Sai dattawansu sun ga fuskar mai maganar."

To fa! Takarda ba ta ƙetarawa, mutum ma haka. Shugaban ƙaramar hukumarmu da magajin garinsu suka yi ta lallashin masu tsaro har aka yarda mu haɗu, amma kowa ya tsaya a ƙasarsa.

Da muka isa da hantsi, sai na ji kamar mafarki nake. Wurin da kullum ba ka jin maganar na kusa da kai ya yi tsit. Manyan motoci jere, ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu, tsuntsaye sun yi sheƙa a madubin wata motar. Can na hango fararen riguna suna tahowa a hankali cikin tururin kwalta. Igiya ce kawai tsakaninmu, awaki na bi ta ƙasanta abinsu.

Bayan doguwar gaisuwa, wani tsoho ya dube ni ya ce, "Ɗana, ruwanga naku ina za ya tsaya?"

Na tsuguna ina zana lissafina a ƙasa. Mushe ya tsuguna ta ɓangarensa yana ƙarasawa, yana tsokanata wai Turancina ya ɓata min rubutu. Sannan ya miƙe ya ce, "Baba, har gindin gawon mashaya."

Masarar tsohon na wurin, ta kusa nuna. Wallahi tausayinsa ya sa na kasa ɗaga kai. Ya miƙo hannu ta saman igiyar ya riƙe nawa, na ɗago, ya daɗe yana kallon idona. Ya ce, "Mun ji. Za mu tashi."

Ruwa ya cinye masara da bukkoki, amma bai ci rai ko ɗaya ba.

Da rani wata mai kayan miya ta ajiye min kwandon albasa a ofis. Ta ce wani tsoho ya ce a kai wa mai ruwa, a gaya masa lakar da ruwan ya bari ta yi kyau bana. Na zauna ina kallon albasar nan, hawaye na zuba tun ban yanka ko ɗaya ba.

Tun ranar na gane ilmina ba ya ceton kowa sai na kai shi da ƙafata inda za a kalli idona. Har yau in zan buɗe ƙofar ruwa, hannun tsohon nan nake ji a nawa.