Kafaɗar Gwaggo a Faifan Saukar Inna

Shekarar da Inna ta sauke Alƙur'ani a Islamiyyar matan aure ta unguwarmu, ni na ɗauki bidiyon walimar. Inna mahaifiyata ce, kuma sai da ta aurar da mu duka sannan ta koma makaranta, don haka abin ya yi mana girma a gida. A lokacin ina aiki a wani shagon haɗa bidiyo a unguwar Kongo. Aikina zama gaban kwamfuta, in yanke hotunan biki, in jera su, in daidaita launi da sauti. Mai shagon ya ara mini sabuwar kyamararsa, irin wadda ake ce wa HD, mai fito da hoto garau har zaren mayafi sai an gani.

A tsakar gidanmu aka yi taron, nan kusa da Ƙofar Galadima. Mata suka jeru a kan tabarmi, Inna a tsakiya, malamarsu a damanta. Gwaggo, yayar mahaifinmu, ta zo a makare. Ta ƙi zama inda aka tanadar mata wai rana na dukan wurin, ta ja kujera zuwa can ƙarshen layi, gindin bango. Na leƙa kyamara na gan ta a ciki, daga ɗankwali har takalmi, sai na ci gaba da ɗauka.

Na ɓata lokaci a kan aikin nan fiye da na kowane biki. Na rage ƙarar janareta da ta shiga karatun Inna, na gyara hasken da ya yi yawa, na buga a faifai na rarraba wa dangi. Ban gama shan sannu da aiki ba sai ga saƙo, Gwaggo na nemana.

Na same ta a ɗakinta da hantsi, ta haɗe rai. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa ciki-ciki.

Ta ce, "Me na yi miki, 'yar nan?"

Na ce, "Ni kuwa, Gwaggo? Wani abu ya faru?"

Ta nuna talabijin da baki. Tsohuwar talabijin ce, irin mai tozon nan, tun ta zamanin marigayi mijinta. Faifan yana ciki yana juyawa. Ga Inna, ga malama, ga maƙwabta. A can gefen hagu kuwa ba abin da ake gani sai kafaɗa guda da bakin mayafi ruwan goro.

Ta ce, "Wannan kafaɗar tawa ce. Ina sauran?"

Nan take na gane matsalar. Hoton sabuwar kyamara mai faɗi ne, fuskar talabijin ɗinta kuwa kusan tsawo da faɗi ɗaya. Na'urar faifan sai ta cika fuskar da tsakiyar hoton, ta zubar da gefe da gefe. Na yi mata bayani da faranti da tire, na ce abin da ya cika tire ba zai shiga faranti ba sai an rage. Ta saurare ni har ƙarshe.

Ta ce, "To don me ni aka rage? Da matar mai gawayi aka rage, wa zai yi magana?"

Na karɓi rimot na shiga saitin na'urar, na sa ta nuna hoton gaba ɗaya. Gwaggo ta bayyana cif, amma hoton ya ƙanƙance, baƙin layi ya fito sama da ƙasa.

Ta dafe ƙirji ta ce, "Kin lalata mini talabijin! Mayar mini da ita yadda take."

Na ce, "In na mayar, kafaɗar ce za ta dawo."

"Ke kika san wannan. Ba ke ce mai ilimin abin ba?"

Washegari na ɗauko kwamfutar shago na kawo mata, don ta ga ainihin abin da na ɗauka, ta tabbata ban cire ta da gangan ba. Wannan shawarar ce ta ƙara jagula lamarin. Faifai da tsohuwar talabijin suna dusashe hoto, suna rufa wa mutum asiri. Kwamfuta ba ruwanta. Gwaggo ta matso da fuska, ta daɗe tana kallon kanta.

Ta ce, "Wannan tsohuwar fa?"

Ta nuna fuskar kwamfutar da yatsa.

"Duk tamojin nan daga ina? Madubina bai taɓa nuna mini haka ba. Dubi haƙorana, kamar na kwana ina cin goro. Haka za ki tura wa jikokina a waya?"

Na so in ce mata kyamara ba ta ƙirƙirar komai, abin da ta tarar shi take ɗauka. Na haɗiye maganar, don na san inda za ta kai mu. Na dai tambaye ta me take so. Ta ce a sa ta a tsakiya, kuma a gyara mata fuska yadda ake yi wa amare.

Na koma shago raina a ɓace. Na sake yanka bidiyon daidai da tsohuwar talabijin, na ja hoton zuwa hagu har Gwaggo ta shigo sosai. Da na duba ɗaya gefen, malamar da ta karantar da Inna ta fita, sai hannunta kawai. An gudu ba a tsira ba. Dole na bi hoton daki-daki, in nuna Inna da malama, sannan in yanko Gwaggo ita kaɗai a kusa tana gyaɗa kai. Na shafa wa fuskarta laushi, na rage jan haƙoran. Kwamfutar na tsakiyar fitar da aikin aka ɗauke wuta, na sake daga farko. Mai shagon ya leƙo ya tambaye ni ko walimar gwamna ce.

Na kai mata sabon faifan da la'asar. Ta kira maƙwabciyarta don ta zama shaida. Fuskarta ta cika talabijin, sumul, ba tamoji ko ɗaya. Na fara sakin ajiyar zuciya ke nan sai na ga ta kai hannu kumatunta.

Ta ce, "Ina tsagata?"

Gwaggo tana da tsagar gado a kumatu, siririya, wadda a duk gidan ita kaɗai ta rage da ita. Laushin da na shafa ya haɗa da ita ya share. Garin gyaran gira na tsone ido.

Ta ce, "Kin mai da ni baƙuwa. Wa zai kalli wannan ya ce 'yar gidan nan ce?"

Na fita ban ko yi sallama da kyau ba, na wuce wurin Inna na zazzage mata komai. Na ce saukarta ce, amma ni kullum aikin fuskar Gwaggo nake yi. Inna ta yi dariya har da share hawaye.

Ta ce, "Tun ina amarya nake fama da ita, ke daga faifai ɗaya har kin gaji? Mayar mata da fuskarta yadda Allah ya yi ta, ki bar ta a tsakiyar. Za ta karɓa."

Haka na yi. Na cire laushin, tsaga ta dawo, tamoji ya dawo, haƙoran kaɗai na bari da ɗan gyara ban faɗa wa kowa ba. Gwaggo ta kalla daga farko har ƙarshe, ta ce da dama-dama. Har ta ba ni dambun nama a leda, ta ce in buga wani faifan irinsa sak in aika wa 'yarta da ke aure a Kufena.

Na aika. Ashe talabijin ɗin 'yar tata sabuwa ce, mai faɗi, irin ta bango. Ina cikin girkin rana wayata ta yi ƙara, na duba na ga ita ce.

Ta ce, "'Yar'uwa, faifan ya iso, an gode. Amma me ya sa hoton ya tsuke a tsakiya, baƙi dama baƙi hagu? Ko ba ki iya saita abin ba ne?"

Na ce mata miyata na ƙonewa, na kashe wayar.