Labbo Ba-Sauka

A Kamarawa, cikin ƙasar Isa, tun Labbo yana saurayi aka san shi da ƙarfin noma da taurin kai. Dogo ne, baƙi, da tsagen Gobirawa daga gefen baki har kunne, kuma in ya ce a'a, sai dai a kakkaɓe riga a tashi. Ya haura arba'in lokacin da farin farkon shekarun tamanin ya faɗo. Damina ta farko gero ya kai gwiwa ya tsaya. Ta biyu ko gwiwar bai kai ba ya ƙone a tsaye. Rumbuna suka zama wayam, mata suka shiga daji neman anza da tafasa, maza kuwa suka riƙa hawa manyan motoci suna gangarawa kurmi ci-rani.

Ƙannensa biyu sun zo har gida suna lallashinsa ya bi su.

"Ni ba ni zuwa ko'ina," in ji Labbo. "Nan fari yat tarad da ni, nan za shi bar ni."

Matarsa Habi tana jinsu daga bakin murhun da ya kwana biyu ba wuta. Da suka fita ta ce, "To Malam, tunda ba ka zuwa, ƙasa za mu dahwa?"

Washegari ya taka zuwa Isa wurin Bawa, abokin tasowarsa, wanda ke da rumfa a tasha. A rumfar nan direbobin da suka fito daga kudu ke sauke saƙon 'yan ci-rani: ƙullin garin kwaki, rabin buhun masara, magani a kwali, turmin atamfa, wani lokaci kaset ɗin da ɗa ya naɗi muryarsa don uwa ta ji yana raye. Saƙo ya taru har ya toshe ƙofa, domin mai kai wa Bawa kaya ƙauyuka shi ma ya bi mota. Akwai tsohon mashin jingine da bango. Labbo ya iya hawa, irin iyawar wanda ya taɓa zagaya filin Idi da na aro. Bawa ya dube shi ya dubi tarin kayan, ya miƙa masa makulli.

Farkon aikin bai yi kyau ba. Labbo kan jira hantsi ya dubi ludayi kafin ya fara ɗauri, ya labta kaya yadda hannu ya kai, ya kama hanya rana ta riga ta gasa rairayi. Ya shiga wannan ƙauye, ya wuce, sai can gaba ya tuna akwai ƙullin wata a ƙauyen baya, ya juyo. A kowace ƙofa sai ya kwance igiya duka ya baza kaya a ƙasa yana neman guda ɗaya. Amma babban abin da ke cinye masa wuni shi ne gaisuwa. Mutum ne da aka rena da ladabi. Ya kashe mashin, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. A shimfiɗa tabarma, a kawo ruwa, a tambayi gida da gajiya da labarin ruwan sama, sannan a shiga tambayarsa ko ɗan nasu ya yi ƙiba, alhali shi ko a mafarki bai taɓa ganin Ibadan ba. In zai tashi a ce ya dakata a kira malami ya rubuta amsa. Almuru na yi sai ga shi a tasha da rabin kaya.

Cikin abin da yake fita da shi yana dawowa da shi akwai ƙullin gari da kwalin magani na wata tsohuwa a Tozai, Saude, daga ɗanta. Ƙullin ya faɗa ƙarƙashin kaya, Tozai kuma kullum a ƙarshen hanyarsa take, rana kan faɗi bai isa ba. Ranar da ya isa, ya tarar an jibga ƙaya a ƙofar gidan. Maƙwabciya ta leƙo ta kan darni ta ce Saude ta fid da rai, ta kwashi jikokinta tun da asuba ta kama hanyar Shinkafi a ƙasa, ko za ta samu dangin da za su riƙe su.

Ya bi hanyar, ya same su gindin wata aduwa da ba ganye, tsohuwar ta miƙe ƙafafu sun kumbura, yaran kwance a jikinta. Ya sauke ƙullin ya ajiye gabanta. Ta shafa shi, ta gane ɗaurin ɗanta.

"Yaushe yaz zo tasha?"

Labbo bai iya ƙarya ba. "Ya kwana biyu, Inna."

"Shekaranjiya nis sai da akuyata. Ita ɗai ta rage." Ta kwance bakin ƙullin, ta ɗebi garin ta zuba wa yaran a tafin hannu haka nan busasshe. Sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "An dai ce kana da gaisuwa, ɗan nan. Kowa na yabonka."

Da zagi ta yi masa da ya fi sauƙi. Ya mayar da su Tozai sawu biyu, ya janye ƙayar da hannunsa, bai tsaya shan ruwa ba.

Daga ranar ya sake komai. Da la'asar yake raba kayan gobe, ƙauye ƙauye, ya ɗaura wa kowane rukuni tsumma mai launi dabam daga yagaggen zanen Habi. Na ƙarshen hanya a ƙasa, na farko a sama, kowane rukuni da igiyarsa, don kada ya kwance duka saboda ɗaya. Ya raba kwanakin mako: ran da zai yi wajen Gatawa har Sabon Birni ba ya waiwayar Tozai, ran Tozai ba ya jin kiran kowa. Ana sallame sallar asuba yana kan hanya, tun rairayi na da sanyi bai fara cin taya ba. Ya riƙa yanke ta cikin gulbi, tunda fari ya mai da shi hanya. In ya doso ƙauye sai ya danna hon tun daga nesa, masu jiran saƙo su fito ƙofa. Amsa kuma ya ce a rubuta a ajiye, zai karɓa in ya zagayo. Da azahar, sa'ad da inji ke neman hutu, nan yake sallah, ya duba taya, ya jiƙa garinsa ya sha.

Kuma ya daina sauka. Ƙafa ɗaya a ƙasa, mashin na kuka, ya yi sallama, ya miƙa saƙo a hannun mai shi, ya ce, "Shina lahiya, ya gaishe ku," ya wuce. A kawo ruwa ya ce Allah ya saka. A shimfiɗa tabarma ya ce a naɗe. Kafin wata ya zagayo, daga Isa har Sabon Birni an laƙaba masa Ba-Sauka, kuma ba yabo ba ne. Aka ce ya hau ƙarfe ya manta da tarbiyya. Aka ce yunwa ta taɓa masa kai.

Bawa ya ga rumfa ta fara samun fili, sai ya kawo tasa dabarar. Ya ce tunda sauri ake so, Labbo ya riƙa zube kayan kowane ƙauye a shago guda, masu shi su je su ɗauka, sauran wunin a yi jigilar fasinja.

"A'a," in ji Labbo. "Cikin wagga yunwa ka aje gari hannun wani ka ce shi ba wani? Kana son ka sa mutumen kirki shi zan ɓarawo. Hannu da hannu za ni ba su."

"Mashin ɗin nawa na, Labbo."

"Ga makullinka, in ka samu mai hawa."

Bawa ya san babu. Ya yi tsaki ya mai da hankali kan goronsa, maganar ta mutu nan.

Wadda ba ta mutu da sauƙi ba ita ce ta Gatawa. Can ne garin su Habi, kuma mahaifinta, Malam Sodangi, kullum da hantsi yana zaune ƙofar gidansa da dattawan unguwa, daidai bakin hanyar da Labbo ke bi. Ko a ƙasa suruki ya zo wucewa nan, sai ya tuɓe takalmi tun daga nesa. Labbo ya rage gudu, ya sunkuyar da kai, ya ɗaga hannu ya yi jinjina, ya wuce da kayansa. Ya yi haka sau ɗaya, dattawa suka dubi juna. Ya sake, ya kuma sakewa. Malam Sodangi ya aika a ce wa 'yarsa ta haɗa kayanta ta dawo gida, shi bai ba da ɗiya ga marar kunya ba.

Habi ta saurari ɗan aike har ya gama. Ta ce, "Ka gaida Baba. Ka ce mai ina tuƙa tuwo, in na sauke za ni yi tunani." Tukunyarta a lokacin ta koma hayaƙi kullum, ko da dai tuwon masara ne ba na gero ba. Amma da maigidan ya dawo ba ta raga masa ba.

"Ubana na, Malam. Ba tsohuwar Tozai ɗai ad da haƙƙi kanka ba."

Ran Juma'a, ranar da ba ya fita aiki, Labbo ya bar mashin a gida ya tafi Gatawa, daga inda mota ta sauke shi ya ƙarasa a ƙasa. Ya tuɓe takalmi tun daga bakin lungu, ya durƙusa nesa da tabarma, ya yi gaisuwa cikakkiya, ya tambayi kowa da kowa. Ya ce ya zo neman gafara.

"To, ka gane kurenka ke nan," in ji Malam Sodangi.

"Na gane na ɓata maka rai, Baba. Amma gobe in na biyo da kayan mutane, ba ni sauka."

Wani dattijo ya ce, "Ashe ba ban haƙuri kaz zo ba."

"In na sauka nan, sai in sauka gidan liman, sai gidan mai unguwa, sai ko'ina. Wanda ad da gari ƙarshen hanya shi kwan da yunwa. Duk Juma'a za ni zo in durƙusa har ku gaji da ni. Ranar aiki kau, wuni ba nawa ba na, balle in ba da shi."

Malam Sodangi ya ajiye tasbaharsa. Sannan ya ce, "Ɗiyata ta zamna ɗakinta. Amma ƙarhen nan naka kak shi sake bi ta ƙohwata."

Labbo ya ce ya ji. Daga nan ya riƙa zagayawa ta bayan gari, ta wani tudun rairayi da sai ya tura mashin da ƙafafu yana haki, yana ƙunƙuni shi kaɗai. Bai nemi a sassauta ba, tsohon ma bai sassauta ba. Da ɗan Malam Sodangi na Legas ya aiko da buhun shinkafa, ta ƙofar baya Labbo ya miƙa wa surukarsa, yana bisa mashin. Aka dafa, Malam Sodangi ya ci, doka tana nan. Kowace Juma'a kuma yana amsa gaisuwar Labbo da fuska a ɗaure, ya sa a kawo masa ruwa. Haka suka zauna har Allah ya karɓi ran tsohon bayan shekaru, Labbo na cikin waɗanda suka ɗauki makara.

Mutane ba su taɓa cewa ya yi daidai ba. Sun dai daina shimfiɗa tabarma, suka koyi tsayawa a ƙofa da amsar wasiƙa a hannu in sun ji hon. Wasu har suka mutu suna ganin rashin ta-ido ne.

Da ruwa ya dawo, ƙannensa suka komo da akwatuna da rediyo, suka same shi ya riga ya yi shuka, domin yakan gama kai saƙo ya shiga gona da la'asar sakaliya. Sai dai damina ta ƙwace masa hanyar gulbi. Ranar da ruwa ya fara cikowa ya iso mashigi da kayan ƙauyen tsallake, ya tarar da mai kwalekwale, wani Wada, ya kishingiɗa yana jiran jirgi ya cika kafin ya tuƙa. Fasinja biyu ne kawai a ciki. Labbo ya ce a tafi, Wada ya ce ko sarki ne sai ya jira. Labbo ya kafe mashin gindin giyayya, ya tuɓe riga ya naɗe ta gammo, ya ɗora kayan a ka ya shiga ruwa. Ya kai masa gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Wada ya miƙe tsaye yana kiransa ya dawo a tafi da shi haka nan, bai waiwaya ba. Ya fita a ɗaya gaɓar wando na zuba, kayan a bushe, ya bi ƙofa ƙofa a ƙasa. Da ya komo bakin ruwa har yanzu jirgin bai cika ba, sai ya sake ratsawa ya hau mashin ɗinsa.

Ya yi wannan aiki har gwiwa ta hana shi tayar da inji, sannan ya koma gonarsa ta Kamarawa gaba ɗaya. Habi ta ce ko a tsufan bai iya zaman hira ba: in baƙo ya daɗe, sai ya ɗauki fartanya ya ce a biyo shi gona a ƙarasa maganar can.